Amfanin Gona Yana Da Rai Bayan Girbi: Adana 'Ya'yan Itatuwa Da Doya Da Rogo Da Dankali

Gabatarwa

Ya ku manoma da malaman gona na Orozo da kewaye, kun sani sarai cewa wahalar noma ba ta ƙarewa a ranar girbi. Hanyar da ta taso daga Nyanya, ta bi ta Karu da Jikwoyi da Kurudu, ta ratsa Orozo ta nufi Karshi, ita ce doya da rogo da dankali da mangwaro da tumatir suke bi zuwa kasuwannin Abuja. Kusanci da birni alheri ne, domin mai saye ba ya nisa. Sai dai kuma gine-gine suna ta cin filaye, har ya zamanto manomin wannan yanki ba shi da halin faɗaɗa gona kamar yadda iyayensa suka yi. Wanda gonarsa ba za ta ƙaru ba, ribarsa tana cikin abin da ya hana lalacewa. Duk doyar da ta ruɓe a rumbu, da kuɗin iri da na taki da na ƙwadago ta tafi.

Binciken masana ilmin tsirrai ya tabbatar da cewa ɗan itacen da kuka tsinka, da doyar da kuka tona, duk suna nan da ransu. Suna numfashi, suna rasa ruwan jikinsu, wani yana ci gaba da nuna, wani yana barci, wani ma yana iya warkar da rauninsa. Hatsi kamar dawa da masara, da zarar an busar da su ruwan jikinsu ya koma kimanin kashi 13 cikin 100, sai su lafa a rumbu har shekara. Doya da rogo kuwa kashi 60 zuwa 70 na nauyinsu ruwa ne, na tumatir ma ya haura kashi 90. Saboda haka ba a yi musu ajiyar hatsi. Kowanne da halinsa, kuma sanin halin nan shi ne tushen adana shi.

Numfashi da zafi

Yayin da ɗan itace yake bisa uwarsa, duk abincin da ya ƙona wajen numfashi ana mayar masa daga ganye, duk ruwan da ya rasa ana mayar masa daga saiwa. Da an raba su, sai ya koma cin guzurinsa. Yana shaƙar iska, yana ƙona sukari da sitacin jikinsa, yana fitar da zafi da tururi. Wannan ne ya sa idan kun cusa hannu a tsakiyar kwandon tumatir da ya kwana, za ku ji ɗumi ko da ba a ajiye shi a rana ba.

Masana sun auna sun ga cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, saurin numfashin yakan ninka sau biyu, wani lokaci har sau uku. Ma'ana, kayan da za su kwana shida a wuri mai sanyi-sanyi, kwana biyu ko uku za su yi a wuri mai zafi. Rauni ma yana ƙara saurin numfashi, ga shi kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cutar da ke kawo ruɓa. Don haka akwai ƙa'idoji uku da suka shafi kowane irin kaya: ku yi girbi da sanyin safiya ko da yamma, ku kai kayan inuwa nan take, kuma kada ku jefa ko ku danne su.

Ƙosawa daban, nuna daban

Hausa ta riga ta bambanta waɗannan abubuwa biyu, kimiyya kuma ta gaskata ta. Ƙosawa ita ce ɗan itace ya gama girma, ya gama tara abincinsa a bisa bishiya. Nuna kuwa ita ce ya yi laushi, ya sauya launi, ya yi zaƙi da ƙanshi. Abin da bai ƙosa ba, ko an tilasta masa ya yi launi, ba zai yi daɗin kirki ba, domin babu isasshen sitacin da zai juye ya zama sukari.

Abin da ke tayar da nuna wata iska ce da ake kira etilin, wadda tsirrai da kansu suke fitarwa. A shekarar 1901 wani ɗalibi a ƙasar Rasha mai suna Dimitry Neljubow ya gano cewa iskar gas ɗin fitilun wancan zamani ce take karkatar da tsiron wake a ɗakin gwaji, kuma etilin da ke cikinta ita ce sanadi. A cikin shekarun 1920, Franklin Kidd da Cyril West a Kambirij ta Ingila suka lura cewa numfashin tuffa yakan yi tashin gwauron zabo daidai lokacin da za ta nuna. A 1934 kuma Richard Gane ya tabbatar da cewa 'ya'yan itacen da kansu ne suke fitar da etilin. Ƙanƙanin abu ake bukata: ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa ya tayar da nuna.

Daga wannan bincike ne aka kasa 'ya'yan itatuwa gida biyu.

Na farko, masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su, muddin sun ƙosa: mangwaro, ayaba, gwanda, gwaiba, fiya da tumatir. Waɗannan ana tsinkarsu da sauran tauri idan za su yi tafiya.

Na biyu, waɗanda zaƙinsu ba ya ƙaruwa bayan an tsinke su: lemo, abarba, kankana da yazawa. Idan kuka tsinki kankana tun ba ta nuna ba, haka za ta zauna salam har ta lalace. Waɗannan sai an bar su sun nuna a gona.

Abin da ya kamata ku yi

1. Ku san alamar ƙosawa. Mangwaro ya ƙosa idan kafaɗunsa sun cika sun taso a gefen hanci, kuma in an yanka ɗaya a ga tsokar da ke jikin ƙwallo ta fara rawaya. Ayaba ta ƙosa idan kusurwoyin jikinta sun cike ta fara mulmulewa.

2. Ku tsinka da hannu, ko da gora mai ƙaramar jaka a baki. Mangwaron da aka kaɗo ya faɗi ƙasa ya ƙuje, ko da ido bai gani ba, kuma shi ne zai fara ruɓewa. Ku bar ɗan guntun hanci a jikinsa don kada ƙaron ya zubo ya ƙona fatar.

3. Ku tsinki tumatir gwargwadon nisan kasuwa. Mai kai wa Nyanya ko Karu a wannan rana zai iya barinsa ya yi ja. Wanda kayansa za su kwana biyu ko uku a hanya, ya tsinka tun launi ya fara sauyawa a gindi. A lura cewa idan zafi ya haura digiri 30, sinadarin da ke sa tumatir ja ba ya samuwa sosai, shi ya sa wanda aka shanya a rana don ya nuna yakan yi ruwan ɗorawa.

4. Ku tsince kafin ku zuba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Nunanne ɗaya ko mai rauni ɗaya a cikin kwando yana fitar da etilin da zai tayar da sauran gaba ɗaya.

5. Kada ku haɗa masu nuna da ganyaye ko kokwamba ko kankana a ɗaki ɗaya ko mota ɗaya a rufe. Etilin yana sa ganye da kokwamba su yi rawaya, yana kuma sa cikin kankana ya yi laushi ya lalace.

6. Akwatin roba mai huji-huji, wanda yake ɗaukar kimanin kilo 20 zuwa 25, ya fi babban kwando. Ana iya jera shi bisa juna ba tare da nauyi ya sauka a kan kayan ba, iska tana ratsa shi, kuma ana wanke shi.

7. Ku tsince mangwaron da ya zuba a gindin bishiya aƙalla sau biyu a mako, ku binne shi a rami mai zurfin rabin mita ko fiye, ko ku ɗaure shi a baƙar leda ku bar shi a rana. A cikinsa ne tsutsar ƙudan mangwaro take girma. Wani mugun nau'in ƙudan nan daga nahiyar Asiya ya ɓulla a Kenya a 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya game Afirka ta Yamma.

Idan kuna son kaya su nuna tare don kasuwa, ku sa nunanniyar ayaba kaɗan a cikin ƙosassun, ku lulluɓe da takarda ko buhu a inuwa na kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ku buɗe. Ku guji sinadarin kabayid na masu walda. Iskar da yake fitarwa tana sauya launin fata alhali ciki ɗanye ne, kuma yakan zo da gurɓatattun sinadarai masu guba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan amfani da shi wajen nunar da 'ya'yan itatuwa.

Sanyi, amma da iyaka

Tun da zafi ne ke gaggauta lalacewa, sanyi shi ne magani. Amma amfanin ƙasashe masu zafi ba ya jure sanyi mai yawa. Ɗanyen mangwaro da ayaba da koren tumatir, idan suka daɗe a ƙasa da digiri 12 ko 13, fatarsu takan yi tabo ko ta yi baƙi, su ƙi nuna yadda ya kamata. Firjin gida kuwa sanyinsa yana wajen digiri 4 ko 5 ne, don haka bai dace da su ba. Doya ma sanyin ƙasa da digiri 12 yana ɓata ta.

Akwai hanyar samun sanyi ba tare da lantarki ba. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan yake tsanewa ta jikin babbar tukunya, yana tafiya da zafin ciki. Tumatir da tattasai da yalo sukan ƙara kwanaki masu yawa a ciki. Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, wato NSPRI, mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, ita ma ta fito da ma'ajiyai masu aiki da wannan hikima, waɗanda suka fi tukunya ɗaukar kaya. Sai dai ku sani dabarar ta fi aiki lokacin da iska take bushe, wato daga hunturu zuwa farkon bazara. Da damina ta kankama a yankin Abuja, iska ta cika da laima, amfaninta yakan ragu ƙwarai.

Yadda saiwa take girma a ƙasa

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman doya da rogo, kuma bincike a kansu yana hannun Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike a Jihar Abiya, wadda take da ƙaramar tasha a nan Nyanya, tare da Cibiyar IITA ta Ibadan da aka kafa a 1967. Abin da bincike ya nuna shi ne, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: yawan amfani da ingancin ajiyarsa tun farkon damina ake yanke su.

Dankali, a cikin makonni huɗu ko biyar na farko bayan dasa shi ne ake sanin saiwoyi nawa za su zama dankali. Idan a wannan lokaci ƙasa ta yi tauri, ko ruwa ya kwanta, ko fari ya shiga, saiwoyin sukan yi itace su tsaya sirara kamar fensir, ba za su ƙara kumbura ba. Rogo kuwa wajen wata biyu zuwa uku wasu daga cikin saiwoyinsa suke fara kauri, shi ya sa barin ciyawa a watanni uku na farko yake jawo hasarar da noman baya ba ya maidowa. Doya tana fara yaɗo da ganye tukuna, sa'an nan ta juya ga tara abinci a ƙasa. Kafa mata sanda da wuri yana ba ganyen hasken rana, kuma abin da ganye ya dafa shi ne yake sauka ya zama doya.

Game da taki, a kula. Yawan naitirojin, kamar zuba yuriya ba bisa ƙa'ida ba, yana sa ganye ya yi yabanya, abin da ke ƙasa kuma ya zo da ruwa-ruwa, ba ya jimirin ajiya. Fotash shi ne yake taimaka wa saukar da abinci daga ganye zuwa saiwa. Ku tuntuɓi malamin gona kan adadin da ya dace da ƙasarku.

Doya: warkar da rauni da barci

Sabuwar doyar da ake tonawa tun ganye yana kore ba ta ƙosa ba, fatarta ba ta yi ƙwari ba. Ta ci ce da sayarwa nan da nan. Doyar ajiya ita ce wadda aka bari har ganyenta ya bushe.

Doya tana iya rufe rauninta da sabuwar fata, in ta sami ɗumi da laima a kwanakin farko bayan tonawa. Matsalar ita ce babban girbi yana zuwa ne cikin hunturu, lokacin da iska take bushe, sai raunin ya tsage maimakon ya warke. Ga yadda ake yi: ku tara doyar a inuwa, ku lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa mai kaurin kamar taƙi ɗaya, ku rufa buhunan algarara a sama, ku bar ta kwana huɗu. Numfashinta ne zai samar da ɗumin da laimar. Inda fartanya ta sare, ku yanke wurin da wuƙa mai tsabta, ku shafa tokar itace kafin ku tara. Wadda fatarta ta tsattsage, kuma in an kankare a ga launin ƙasa-ƙasa ko baƙi a ƙarƙashi, ta kamu da tsutsar ƙasa da ido ba ya gani. Kada ku ajiye ta, kada kuma ku mai da ta iri.

Bayan haka ku jera ta a rumfa mai rufin ciyawa, bisa katako ko gora da aka ɗaga daga ƙasa, iska tana shiga ta kowane gefe, ba a tula ta da yawa ba. Ku ɗaura gwangwani mai siffar mazurari a ƙafafun rumfar saboda ɓera.

Farar doya tana barci na wata biyu zuwa huɗu bayan girbi. A wannan lokaci numfashinta kaɗan ne, nauyinta ba ya raguwa da sauri. Da zafin bazara ya shigo sai ta farka ta fara tsira, tsiron kuma yana zuƙe ruwa da abincinta har ta yamushe. Ku riƙa zagayawa kowane mako kuna karye tsiron tun yana ƙarami, kuna fitar da wadda ta fara ruɓa. Kun san bambancin kuɗin ƙwaryar doya tsakanin watan Disamba da watan Mayu ko Yuni. Wannan zagaye na mako-mako shi ne yake kai manomi ga wancan farashi.

Haka nan kuma, don kada iri ya cinye babban kaso na girbi, akwai dabarar ƙananan yanka da cibiyoyin Umudike da Ibadan suka fito da ita a farkon shekarun 1980. Ana yanka lafiyayyar doya ƙanana, daga giram 25 zuwa sama, kowane yanki da fatarsa, a tsoma a magani ko a shafa toka, a bari ya sha iska a inuwa, a shuka. A ƙarshen damina za a sami ƙananan doya cikakku, waɗanda su ne irin baɗi.

Rogo ba ya jira

Rogo ba ya barci kamar doya. Cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan cire shi, zane-zane masu launin shuɗi da baƙi suke bayyana a tsokarsa, suna farawa daga inda aka ji masa rauni. Wannan aikin jikinsa ne da kansa idan iska ta shiga raunin, ruɓar ƙwayoyin cuta daga baya take biyowa. Saboda haka kada ku cire rogo sai kun shirya da mai saye ko mai niƙa. A nan kusancin Orozo da kasuwa ya yi rana, domin ana iya cirewa da asuba a sauke kafin azahar.

In dole ne ya jira, ku sare karan mako biyu zuwa uku kafin cirewa, ku bar kamar taƙi ɗaya a sama da ƙasa. Wannan yana jinkirta baƙin, ko da yake yana ɗan rage sitaci. Ana kuma iya jera marasa rauni a akwati tare da ɗanyen garin katako mai laima, ba mai ɗigar ruwa ba, su kai 'yan makonni. Barinsa a gona ma ajiya ce, amma in ya wuce lokacinsa yakan yi zare, ga kuma hana gona aiki. Mafi aminci shi ne a sarrafa shi ya zama garin kwaki ko alabo. Rogo mai ɗaci wajibi ne a jiƙa shi, ko a gurza a matse ya kwana biyu zuwa uku, don gubar da ke cikinsa ta fita kafin a ci.

Dankali

Babban abokin gabar dankali shi ne ƙwaron da ke shiga ta tsagar ƙasa ya huda shi ya sa masa ɗaci. Ku riƙa tura ƙasa kuna rufe tsaga a jikin kunya, kuma kada ku jinkirta tonawa bayan ruwa ya ɗauke. Yanke yaɗon kimanin mako biyu kafin tonawa yana sa fatar ta yi ƙwari.

Don samun iri da wuri, ku zaɓi ƙanana da matsakaita marasa rauni, ku jera su a cikin baho, kuna raba kowane layi da busasshen yashi mai sanyi, ku ajiye a ɗaki. Ku duba kowane wata. Saura mako shida zuwa takwas ruwa ya sauka, ku dasa su a ɗan fili kusa da gida kuna ba su ruwa. Kafin damina ta zauna kuna da yaɗonku a hannu. Wannan ya dace ƙwarai da dankali mai jan ciki, mai sinadarin bitamin A, wanda aka fara sakin ire-irensa ga manoman Nijeriya a 2012.

Kammalawa

Malam mai aikin faɗakarwa, gani ya kori ji. A wannan kaka ka zaɓi manomi ɗaya a kowace unguwa, ku raba doya 20 gida biyu, a warkar da 10 a bar 10, a auna nauyinsu a rubuta. A sake aunawa kowane wata har zuwa Afrilu, a gaban jama'a, a ƙirga waɗanda suka ruɓe. Haka za ka yi da akwati da kwando a lokacin tumatir.

Kai kuma manomi, kafin ka tsinka ko ka tona, ka tambayi kanka abu uku: ya ƙosa? Ina inuwar da zan kai shi? Kwana nawa zai yi kafin ya isa hannun mai ci? Idan kana bukatar ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Babban Birnin Tarayya. Allah ya sa albarka a abin da aka noma, ya kuma tsare shi har ya kai kasuwa.